Mutumin da Ake Kira Kunne

Anghel Paraschiv yana duƙe a kan takarda, fensir a hannu, sa'ad da matarsa Profira ta fito daga ɗaki da sauri, silifa ɗaya a ƙafa, ta sauke butar shayi daga kan wuta. Bai ko ɗago kai ba. Ya dai maimaita abin da yake faɗa kusan kowace safiya, wai butar nan ta zama bebiya, da tana fito kamar da ai da ya sauke ta da kansa, amma kayan yanzu haka suke, shekara biyu sai su mutu a hannun mutum. Profira ta ce haka ne. Ta zuba masa shayi, ta tura burodi da cuku kusa da gwiwar hannunsa, ta koma neman ɗaya silifar.

A jikin takardar akwai gidaje tara, takwas da zane a ciki, na tara babu komai, ana so mutum ya nemo zanen da ya dace da wurin. 'Yarsu Otilia, wadda ke koyar da lissafi a Bacău, ita ta bugo masa irinsu sun fi ɗari. Wata biyu ke nan yana fama da su a ɓoye, yana cusa su ƙarƙashin buhun masara duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Namiji mai shekara hamsin da takwas, gashin baki fari fat, yana ƙirga ɗigo da kusurwa kamar ɗan aji uku. Yau ce ranar jarrabawar, kuma tsoro yake ji ƙwarai.

Shekara talatin da huɗu Anghel ya yi yana bin taragun kaya a tashar Pașcani da guduma mai doguwar ƙota. Idan jirgi ya tsaya, sai ya bi shi daga kai har wutsiya yana bugun kowace ƙafar ƙarfe. Lafiyayyar ƙafa tana yin amo mai tsawo irin na ƙararrawar coci. Wadda ta tsage kuwa, ko da tsagar ba ta kai kaurin gashi ba, a daƙushe take amsawa, kuma idan aka bar ta ta tafi da kaya a kanta, wata rana sai ta tarwatse a kan gada. Babu wanda ya kai Anghel jin wannan bambanci, shi ya sa tun yana saurayi aka laƙaba masa Kunne. Sababbin ma'aikata ma ba su san yana da wani suna ba, Nea Kunne suke ce masa, da girmamawar da ake yi wa babba.

To sai wani sabon kamfani ya karɓi aikin duba taragun. Ya sayo na'urori masu leƙa cikin ƙarfe, ya kuma ce dukan ma'aikata arba'in da ɗaya sai sun je birnin Iași an gwada su. Gwajin kashi biyu ne: na basira, wanda kowa zai yi iri ɗaya, da na abin da aikin mutum ke buƙata. Duk wanda ya faɗi, za a karɓe takardar izininsa, ba zai ƙara taka layin dogo da guduma ba. Kashi na biyun ko a jikin Anghel. Na farkon ne ya hana shi sakat.

Mu mutanen Pașcani, duk abin da ya fito daga ofis mukan fara ƙin sa kafin mu karanta, kuma sau da yawa mu ke da gaskiya. A ɗakin shan shayin tasha an yi wa gwajin nan ca. Aka ce a tambayi kwamfutar ko ta taɓa jin ƙafa ta tsage. Anghel da bakinsa ya ce na'urar da aka sayo ai ta masu juna biyu ce, wai yanzu tarago za a dinga yi wa hoton ciki, aka yi ta dariya har mako guda. Sun riga sun rubuta takardar koke, kwanan wata kawai ya rage a sa. Hujjarsu ɗaya ce tak: idan gwaji ya kayar da Kunne saboda zane-zane, to gwajin ne ya faɗi. Abin da babu wanda ya furta shi ne, so suke ya faɗi ɗin.

A bakin tasha ya tarar da Toader, abokin aikinsa tun suna samari, yana jiran sa da kofi a kofin roba. Shi Toader tun makon jiya ya yi nasa gwajin, ya tsallake da ƙyar, tun daga ranar yake tafiya kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

"Ka ga kwat," in ji Toader, yana shafa kafaɗar Anghel. "Wannan ai ta ranar aure ce. Jarrabawa za ka, ko sabuwar mata?"

"Matsa can, hannunka duk baƙin mai."

"Ka saurare ni, tsoho. Idan ka ga zanen ya rikice maka, danna na uku. Ni na uku na yi ta dannawa, ga ni nan da raina."

Anghel ya ce ya ji. Ya yi alamar gicciye a ƙirji sa'ad da jirgin ya motsa, ya zauna kusa da taga, ya shimfiɗa tafin ƙafafunsa a ƙasa. Kafin su wuce gonakin bayan gari ya riga ya san akwai ƙafa ɗaya a ƙarƙashin taragon da gefenta ya ɗan goge, ya kuma ji daɗin sanin. Wata mata mai kwandon tuffa da ke zaune a gabansa ta yi ta kallonsa, daga baya ta taɓa gwiwarsa ta ce wayarsa na ta kuka a jaka, wannan karo na uku ke nan. Otilia ce ke yi masa fatan alheri. Ya gode wa matar, ya ce ƙarar jirgi ce ta yi yawa.

Ofishin gwajin yana hawa na uku a wani tsohon gini mai ƙamshin fenti da jiƙaƙƙun riguna. Wadda ta karɓe su sunanta Dakta Smaranda Ilaș, masaniyar halayyar ɗan Adam, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, tabarau rataye a wuya da zare, tana tsotsar alewar na'a-na'a. Ta zaunar da su su bakwai, kowa gaban kwamfutarsa, ta ce minti arba'in ne, kada wanda ya tsaya kokawa da tambaya ɗaya.

Tambayoyi biyar na farko da ƙyar Anghel ya amsa su. A ta shida sai wani abu ya warware masa. Ya ga ashe zanen nan duk jere suke kamar taragu: wannan yana juyawa hagu, wancan yana ƙara ɗigo ɗaya, idan ka gane abin da ke jan su, na ƙarshen da kansa yake zuwa. Aka kawo jerin lambobi, aka kawo kalmomi, aka kawo wata tambaya ta mutum biyar da ke zaune a kan benci. Ya manta da kwat, ya manta da tsoro. Da allon ya nuna lokaci ya ƙare, sai ya ji haushi an katse shi, sannan ya ji kunyar jin haushin, ya dubi gefe ko wani ya lura.

Bayan ɗan hutu aka shigar da shi wani ƙaramin ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, da taga ta gilashi. Dakta Smaranda ta sa masa abin ji a kunnuwa biyu, ta ba shi maɓalli biyu. Da farko za a sa masa sauti iri-iri, ya danna duk lokacin da ya ji wani abu. Daga nan za a sa masa ƙarar ƙafafun tarago da aka naɗa, ya raba lafiyayyu da tsagaggu. Anghel ya jingina da kujera, ya harɗe ƙafa. Nan ai gidansa ne.

Ya ji sauti mai kauri, ya danna. Ya ji wani, ya danna. Sai shiru. Ya jira, ya jira, har ya fara tausayin kamfanin da ya kashe kuɗi a kan kayan da ba sa aiki. Ya ƙwanƙwasa gilashin ya ce na'urar ta tsaya. Dakta Smaranda ta shigo, ta ɗora abin a kunnenta, ta ɗan yamutsa fuska, ta cire. Ta dube shi fiye da yadda ya kamata a dubi mutum, sannan ta mayar masa ta ce ya ci gaba. Da aka zo kan ƙafafun, sai ya ji kamar an naɗi ƙarar daga cikin bargo, duk ɗaya suke. Ya danna yadda ransa ya ba shi, yana zagin wanda ya yi naɗin a zuci.

Shi aka kira a ƙarshe, bayan ya cinye burodin da Profira ta ƙulle masa ya karanta duk sanarwar da ke bango. A kan teburin Dakta Smaranda akwai kwanon miya da bai ragu ba, da takardu biyu a kife.

"Domnu Paraschiv," ta ce, don a wurinmu Domnu shi ne Malam, Doamna kuma Malama, "aji nawa ka yi?"

"Takwas. Sai makarantar koyon sana'a. Idan na faɗi ki gaya mini kawai, Doamna, jirgina ƙarfe biyu ne."

"A wannan ba ka faɗi ba." Ta juya takarda ta farko. "Na gwada mutum arba'in da ɗaya daga tasharku, har da injiniyoyi biyu. Kai ne na ɗaya, kuma da tazara."

Ya zaci ba'a take yi, ya sha kunu. Da ya ga ba ta murmusa ba, sai ya rasa inda zai sa idonsa. Abin da ya fara zuwa masa shi ne Otilia, sannan mutanen ɗakin shan shayi da takardar kokensu. Bai gama tunanin yadda zai faɗa musu ba ta juya takarda ta biyu.

A hankali ta yi masa bayani, tana bin wani layi da ya gangara ƙasa da bakin biro. Sauti masu kauri yana jin su sarai, shi ya sa yake jin magana da rurin inji. Amma sirara, na can sama, inda amon ƙarfe yake, sun tafi a kunnuwan biyu. Za ta tura shi wurin likitan kunne, amma ba ta tsammanin zai faɗi wani abu daban. Irin wannan ba dare ɗaya yake faruwa ba, ta ce, ya kai shekara biyar ko shida, kuma mai yiwuwa gudumar ce da kanta ta cinye su. Cikin ƙafafu arba'in da aka sa masa, ashirin da ɗaya ya dace.

"Wanda ya rufe ido ya yi ta dannawa, haka zai samu," in ji ta.

Anghel ya ce naɗin ne ba shi da kyau, ƙafa ba a jin ta a cikin akwati. Ya ce ta buɗe littafin tasha ta gani.

"Na buɗe. Shi ya hana ni shan miyata." Ta jawo wani fayil. "A shekara shidan nan ka tsayar da ƙafa goma sha tara. An kai su an duba, goma sha bakwai a tsage suke. Mai bi maka shida ya samu."

"To kin gani."

"Na gani, ban dai gane ba. Ba ni labarin ta ƙarshe."

Wannan ba wuya, don ya ba da labarin a ɗakin shan shayi ya fi sau goma. A watan Yuni ne. Taragun tsakuwa ne, kuma duk wanda ya san aiki ya san masu lodin tsakuwa ba su san ya isa ba. Jirgin daga tsauni ya gangaro, direban kuwa wani ne da aka sani da son taka birki. Tun daga nesa ya hangi gefen ƙafa ta uku ya yi shuɗi-shuɗi, alamar ta sha zafi. Da ya matso, ya ga ƙura ta kwanta a wani siririn layi inda bai kamata ta kwanta ba. Ya buga sau ɗaya, ya sake bugawa, ya ce a cire taragon.

Dakta Smaranda ta ajiye biro. "Ka faɗa mini abu huɗu. Babu sauti ko ɗaya a ciki."

"Amonta ne ya gaya mini."

Ba ta yi musu ba. Ta ce akwai malaminta na jami'a, ya rasu, sun shekara goma suna jayayya a kan abu ɗaya. Shi yakan ce a ba shi makin basirar mutum kawai, zai faɗi yadda zai yi a kusan kowane aiki, don mai kaifin kai duk inda aka ajiye shi zai nemi hanya. Ita kuma ta nace a bar ƙananan gwaje-gwajen, na ido, na kunne, na hannu, don akwai aikin da abu ɗaya ne ke riƙe da ran mutum. Ta ce da yana da rai da ta kira shi yau, ko da yake ba ta san wanda zai yi wa ɗan'uwansa dariya ba. Kunnen ya daina aiki, ƙwaƙwalwar ta karɓi aikin ba ta gaya wa kowa ba, har da mai ita.

"Shekara biyu suka rage mini in yi ritaya, Doamna," in ji Anghel. Muryarsa ta yi ƙasa. Bai taɓa roƙon kowa a ofis ba. "Tun da kin ce ina samun su, ki sa hannu."

"Ba ƙafafun nake jin tsoro ba. Usur nake tsoro. Ranar da hazo ya sauka, aka sako tarago a bayanka, mai juya layi ya busa maka, ba ka ji ba."

Anghel ya buɗe baki, sai ya tuna da wata safiya a hunturun bara, Toader ya finciko shi ta wuyan riga daga kan layi yana zaginsa, yana cewa girman kai zai kashe shi. Ya rufe bakin.

Ta ce ba za ta sa hannu ba, ta kuma faɗa da taushi, abin da ya fi zafi. Kamfanin za a gaya masa an janye izini kawai, ba a faɗin sashen da mutum ya faɗi. Sannan ta miƙo masa wata takarda. Mutum shida za a ɗauka a koya musu aiki da sabuwar na'urar, wata uku a nan Iași, aikin kuma a cikin rumfa ake yin sa, babu tarago mai tafiya. Da makin basira ake zaɓa, sunansa ne a sama. Idan bai cike ya dawo da ita ran Juma'a ba, sai ritaya.

"Na'urar masu juna biyu," in ji shi.

"Na ji an ce haka kuke kiran ta. Wanda ya raɗa mata sunan yana da kai."

Bai bi ta gida ba da ya sauka a Pașcani. Ya zagaya ta bayan ɗakin fitilu, inda aka jingina ƙafafun tarago biyu a jikin katako, ɗaya lafiyayya, ɗaya tsagagga. Shi ya zaɓe su da kansa shekara ashirin da suka wuce don koya wa sababbi. Ya aika aka kira masa Toader, ya ce ya zo da guduma, shi kaɗai.

Toader ya zo yana murza hannu, ya tambaya ko a sa kwanan wata a takardar koken. Anghel ya ce ya yi shiru ya buga. Ya juya baya, ya fuskanci bango. Aka buga, ya ce lafiyayya. Aka buga, ya ce tsagagga. Sau huɗu a jere Toader yana cewa daidai, zuciyar Anghel ta fara dawowa wurinta, har ya soma shirya abin da zai rubuta wa matar nan mai alewa. Sai ya lura da abin da idonsa ke kallo. Rana ta yi yamma, inuwar Toader tana kwance a jikin bangon, tana karkata hagu, tana karkata dama.

Ya rufe ido. "Sake."

Aka buga. Wani abu ya ce tuf, can nesa. Ya saurara da dukan jikinsa, kamar mai neman murya a cikin kasuwa.

"Lafiyayya," ya ce.

"Daidai," in ji Toader da sauri.

Anghel ya buɗe ido. Inuwar tana tsaye a kan tsagaggar ƙafa, guduma a sama.

Anghel ya karɓi gudumar, ya bugi lafiyayyar da kansa. Ƙotar ta yi rawa a tafin hannunsa, rawar ta bi wuyan hannu ta haura har gwiwa, ta daɗe kafin ta mutu. Ya bugi tsagaggar, ƙotar ta mutu nan take. Abin da yake kira amo shekara da shekaru ke nan, ashe a hannu yake jin sa. Ya zauna a kan katakon da kwat ɗin aurensa, ya gaya wa Toader komai, har da zancen na ɗaya.

"Na ɗaya," in ji Toader. "Kai ɗin? Har da injiniyoyi?" Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ya zauna shi ma, ya rage murya, ko da yake ya san ba rage murya ake yi wa Anghel ba. "Ji nan, tsoho. Babu wanda ya sani sai ni. Ka shiga ka ce musu zanen ne ya kayar da kai. Su sa kwanan watansu, su yi hayaniyarsu, mu yi maka walima, ka tafi gida da sunanka. Nan da shekara hamsin za a ce akwai wani Kunne da kwamfuta ta zalunta. Amma ka je makarantar nan, kowa zai yi lissafi. An janye izini, kuma ya ci na basira. Me ya rage?"

"Kunnen."

"To ka gani. Yaran nan ba su da ta ido. Sai su koma ce maka Nea Kurma."

Anghel ya san gaskiya ne, don da wani ne shi zai fara raɗa sunan. Daga inda yake zaune yana hango tagar ɗakin shan shayi, da kawuna suna leƙowa. Ya ji son su ya cika shi, ya kuma ji tsoronsu. Ya miƙa wa Toader gudumar, ya ce ya gaya musu ya gaji, sai gobe.

Profira tana juya tuwon masara a tukunyar ƙarfe sa'ad da ya shigo. Ta dubi fuskarsa, ta dubi tsatsar da ke bayan kwat ɗin, ba ta tambayi komai ba. Ta ce Otilia ta kira sau biyu. Ta ɗora buta a wuta, ta juya tana yanka cuku. Anghel ya zauna a kujerarsa ta safe, ya fitar da takardar Dakta Smaranda ya ajiye a kife.

Tun da suka yi aure bai taɓa zama ya kalli buta tana tafasa ba. Yau ya kalla. Ya ga murfin ya fara motsi. Ya ga tururi ya fito ta ƙaramin ramin bakinta, siriri, miƙaƙƙe, da ƙarfi. Kyanwar da ke kwance a kan taga ta kwantar da kunnuwa, ta diro ta fice. Kafaɗun Profira suka ɗaga, ta saki wuƙa, ta juyo da sauri.

"Bar ta," in ji shi.

Ta tsaya, hannu a miƙe.

"Ke matar nan. Tana fito?"

Profira ta goge hannu a jikin zanen gabanta, ta goge, ta sake gogewa. "Tana yi."

"Tun yaushe?"

"Ba ta taɓa dainawa ba."

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ta gwada sau ɗaya, shekarar da Otilia ta gama jami'a, ya ce mata ita ce ba ta san ƙarfe ba. Daga nan ta ga mutum ne da ke fita da sunansa kowace safiya kamar yadda wasu ke fita da hula, ita kuwa ba ta da wani da za ta ba shi ya sa. Sai ta koma zama ta inda zai ga bakinta, ta koyi gudu daga ɗaki zuwa murhu. Ta ce abin da bai bar ta ta yi barci ba shi ne hazo, duk ranar da ya sauka sai ta kunna kyandir a gaban hoton Maryamu har ya dawo. Ta faɗi duk wannan da ƙarfi, tana kallonsa ido cikin ido, sai yanzu ya gane ashe haka take masa magana tun tuni.

Ya tashi ya je gaban murhun. Ya ɗora tafin hannunsa a kan mariƙin butar. Ga ta nan, siririyar rawa mai kaifi, tana bin wuyan hannu tana haurawa.

"Ashe ƙara gare ta," ya ce.

"Shekara shida tana huda mini kai. Sauke ta, don Allah."

Ya sauke ta, ya zuba musu shayin da kansa, ya zubar da kaɗan a kan teburi. Sannan ya juya takardar, ya ce ta nemo masa tabarau da biro mai kyau, ba fensir ba. Profira ta leƙa ta kafaɗarsa, ta karanta kan takardar tana motsa leɓe, ta tambaya ko ba wannan ce ta masu juna biyun ba. Ya ce ita ce.

A layin farko an ce a rubuta suna. Ya ɗan tsaya, bakin biron a sama. Sannan ya rubuta Anghel Paraschiv da manyan baƙaƙe, a hankali, sunan da rabon da a kira shi da shi a tasha an fi shekara talatin.